Madubai Takwas na Aro

Tun ranar da aka kafe sanarwa cewa tawagar tantance kwasa-kwasai za ta zo ranar Laraba, hankalin Anti Lab ya ƙi kwanciya. Ita ce mai kula da ɗakin gwaje-gwaje na sashen kimiyyar lafiya, ɗalibai ne suka raɗa mata sunan har ya bi ta gida. Shekararta goma sha ɗaya a jami'ar, tun wurin yana tsohon siton kaya da wani likita mai ritaya ya saya ya yanka ajujuwa da katako, ya fara da ɗalibai arba'in da uku. Yanzu akwai gine-gine huɗu da ɗakin karatu mai bene. Amma madubin duba ƙwayoyin cuta guda biyar ne kacal, ɗaya ma sai an tokare shi da littafi.

Sashen nasu sabo ne, bana zai yaye ɗalibansa na farko, su talatin da biyu. In tawagar ta ƙi amincewa, takardar shaidarsu ba za ta yi aiki a ko'ina ba. Cikinsu har da Auta, ƙanwarta, wadda ita ta matsa wa mahaifiyarsu sai da aka kawo ta nan.

Ran Litinin shugaban tsangaya ya faka motarsa a bakin ɗakin, ya buɗe but. Madubai takwas ne a naɗe cikin bargo, ya aro su daga asibitin wani abokinsa.

"Malama, ki liƙa musu tambarin jami'a," ya ce. "Kwana uku ne kawai, mu mayar."

"Ranka ya daɗe, in suka tambaye ni fa?"

"Ba mai tambayarki. Ni zan yi bayani, ke dai ki tsaya a gefe."

Ta liƙa, biyu ma suka fito a karkace.

Ran Laraba suka iso su uku. Shugabarsu wata tsohuwar farfesa ce mai dogara sanda, tabarau rataye a wuya. Ta ƙirga madubai goma sha uku, ta gyaɗa kai, har Anti Lab ta fara sakin numfashi. Sai tsohuwar ta nemi littafin da ɗalibai ke sa hannu in za su yi aiki. Ta zauna tana buɗe shi shafi-shafi, kamar ba ta da wani wurin zuwa.

"Madubi lamba ɗaya zuwa biyar kawai nake gani a littafin nan," ta ce. "Sauran takwas ɗin ba mai taɓa su?"

"Sababbi ne, Farfesa," in ji shugaban tsangaya da sauri.

Tsohuwar ta shafa makunnin ɗaya, wanda fentinsa ya riga ya goge saboda yawan murzawa. Sannan ta juyo.

"'Yata, ke ke kwana da tashi da kayan nan. Na waye?"

Ta taga Anti Lab tana hango ɗaliban ajin ƙarshe jere a baranda cikin fararen riguna, Auta a tsakiyarsu tana cizon farce.

"Na aro ne," ta ce, muryarta can ƙasa. "Namu biyar ne."

Da ta ga ba wanda ya kore ta, sai ta janyo jadawalinta daga durowa, ta nuna yadda ta kasa ɗaliban rukuni-rukuni, tun bakwai na safe har yamma, har da Asabar, don kowa ya sami madubi shi kaɗai sau uku a mako. Farfesa ta janyo takardar gabanta. Ta ɗora yatsa kan jerin sunaye ba tare da ta duba ba, ta ce a kira mata wannan.

Wani ɗalibi ne mai suna Dogo. Gaban Anti Lab ya faɗi, don duk ajin ba wanda ya kai shi barci, har a tsaye ya taɓa yi. Ya shigo gumi na zuba, aka miƙa masa gilashin jini, aka nuna masa madubin da ake tokarewa. Ya gyara littafin da gwiwar hannu kamar yadda ya saba, ya sunkuya. Minti huɗu ya yi, ita kuwa ta ji su kamar wuni guda. Ya ɗago ya faɗi ƙwayar zazzaɓin da ya gani da irinta. Farfesa ta leƙa, ta yi rubutu, suka fita.

Mako biyar ba labari. Shugaban tsangaya ya daina amsa gaisuwarta. A kantin malamai in ta shigo sai hira ta mutu. Auta ta same ta tana wanke kwalabe, idonta jawur.

"Yaya, da kin yi shiru mana. Shekara huɗu fa."

"Ta riga ta gane, Auta."

"Ko ta gane, ai ba daga bakinki ba."

Anti Lab ta ci gaba da wanke kwalabenta. Duk motar da ta shigo harabar sai ta leƙa, duk takardar da masinja ya kawo sai ta bi shi da ido.

Wasiƙar ta zo wata Alhamis da hantsi. An ba sashen amincewar wucin gadi ta shekara biyu, ɗaliban ajin ƙarshe za su fita da takarda mai aiki, da sharaɗin a sayi kayan da suka kamata kafin tawagar ta dawo. An kuma rubuta gargaɗi mai zafi kan kayan aro. Anti Lab ta ji hayaniyar ɗalibai daga baranda, ta zauna kan kujera tana hamdala.

Da azahar shugaban tsangaya ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, bai kuma dube ta ba.

"Hukumar jami'a na son jerin abin da ɗakin nan ke buƙata. Zuwa gobe."

"To, ranka ya daɗe. A sa har da kujeru?"



"Sa duk abin da babu," ya ce, ya wuce.