Hanjin Ɓera

Farfesa na nuna wa masu shara kwalaben da za su kwashe daga firij, sai ga Mai Ɓawo ta faɗo ɗakin gwajin ta tare ƙofar firij ɗin da jikinta. Sunan da aka laƙaba mata ke nan a sashen, don tun da ta fara digiri na uku ba ta da zance sai sinadarin da ta tato daga ɓawon wata bishiya ta sauya masa fasali. Ɗan abin da ya rage yana cikin kwalba ɗaya, in aka zubar shi ke nan, aikinta ya bi ruwa.

"Ranka ya daɗe, wannan kwalbar ba inda za ta."

"Ke, kina da hankali kuwa? A gabana aka ɗiga shi a kan hanjin ɓera, ko gezau. Ki nemi wani aikin, ko ki nemi wani malamin."

"Ai shi kaɗai aka ɗiga. Asetilkolin, sinadarin da jijiya ke aikawa, shi ke sa hanji ya tsuke. Nawa ba ya zama a mazauninsa, gefe yake maƙalewa ya ƙara masa ƙarfi. In babu mai aikin, wa zai taya?"

Farfesa ya yi tsaki. Tsoronsa take ji ƙwarai, amma ko taku ɗaya ba ta ja ba.

"To, Hajiya mai taurin kai, nuna mana. In bai yi ba, da hannunki za ki zubar."

Ta yanko guntun hanjin ɓera daga faranti, ta rataye shi cikin ruwan gishiri mai ɗumi, ta ɗaure bakinsa da zare a jikin ma'auni. Ta ɗiga asetilkolin: hanjin ya tsuke, layin da ke kan allon kwamfuta ya yi sama. Ta wanke, ta zuba nata sinadarin, ta jira, sannan ta sake ɗiga asetilkolin daidai yawan na farko.

Layin ya ɗago da ƙyar, ko rabin na farko bai kai ba. Ta sake, haka dai.

Farfesa ya gyara tabarau ya matso.

"Ƙara ƙarfi kika ce. Wannan ai rage masa ya yi."

"Rage masa ya yi. Amma ya yi, ranka ya daɗe. Abin da ba ya aiki ba ya ragewa."

"Kin san duk babukan da kika rubuta na kundin digirinki sun rushe? Daga farko za ki koma."

"Na sani."

Hawaye ya cika mata ido, na baƙin ciki da na murna a haɗe. Ta share da gefen hannun riga, ta jawo farantin hanjin, ta ɗauki almakashi.

"Ranka ya daɗe, ɗan matsa, ka tare min haske."