Wutsiyar Fensir

Shekara guda bayan an ba mu jihar Kebbi aka tura ni koyarwa a Tungar Basiru, wani ƙauyen masunta a bakin tafkin Kainji, tafiyar awa ɗaya a kwalekwale daga Wara. Ni ce mace ta farko da ta riƙe alli a makarantar. Ranar da na sauka da akwatina na ji wani mai gyaran raga yana ce wa abokinsa, "Wagga ba ta kai damina." Ban waiwaya ba. Ni Zipora, ɗiyar manomin tudu, wadda ta gama kwalejin horon malamai da takalmi ɗaya tal, ba maganar bakin ruwa ce za ta kore ni ba.

Hedimasta, Malam Tanko, ya ba ni aji uku, yara talatin da shida. Rabinsu 'ya'yan masunta ne, rabi kuma 'ya'yan manoma da ke gangarowa daga tudu kowace safiya. Ya gaya mini tun farko cewa sufeto zai zo ƙarshen zango ya ƙirga kawuna. Duk ajin da bai kai yara ashirin ba za a haɗe shi da na ƙasa, a ɗauke malaminsa.

Ajin ba shi da fensir ko guda. Iyaye suka yi karo-karo, aka damƙa mini, na shiga jirgi zuwa kasuwar Yelwa. A rumfar wani mai kayan makaranta da ake kira Magaji na tarar da iri biyu. Ɗaya mai jan fenti ne, da magogi a kansa, da sunan kamfani da ruwan zinare a tsakiyarsa. Ɗayan itace ne zalla, ba fenti, ba magogi, ba suna.

"Wanga shi muke ce ma tsirara," in ji Magaji. "Abin da ke hannunki, in tsirara ne kowane yaro ya samu nashi. In mai suna ne, dozin guda."

"Tsirara kana fiƙe shi yana karyewa. Na san shi."

"Yana karyewa kam, Malama. Amma aji ne fa, ba aljihunki ba."

"Da mai suna na rubuta jarrabawata. Yarana ba su fi ni rashin gata ba. Ba ni dozin."

Ya naɗe mini a takarda yana dariya. "Boko dai. Allah shi kai ki lafiya."

Dabarata mai sauƙi ce, har ina yaba wa kaina a jirgi. Na ari ƙaramin zarto, na yanka kowane fensir gida uku, sha biyu suka zama talatin da shida. Ran Litinin na bi layi ina rabawa daga gaba zuwa baya. Layukan gaba suka samu guntayen da ke da magogi, na tsakiya suka samu masu sunan zinare, na baya suka samu abin da ya rage. Ban tsaya na lura da cewa 'ya'yan masunta, da gidajensu ke jikin makaranta, su ke fara zuwa su cika gaba ba. 'Yan tudu sai rana ta ɗaga suke isowa, su zauna baya.

Akwai kuma abin da ban sani ba sam. A Tungar Basiru, idan aka kama babban kifi irin giwan ruwa aka zo rabo, kai na mai jirgi ne, tsakiya ta masu jan raga, wutsiya kuwa ta ɗan kallo ce, wanda aka ba don kada ya koma hannu sake. Kowane yaro a ajina ya san wannan tun yana goye. Kafin a tashi ranar, an riga an raɗa wa na baya suna: 'yan wutsiya.

Kwana uku bayan haka wani dattijo daga tudu, Baba Ɗangana, ya tsaya a ƙofar aji da guntun fensirin jikansa a tafin hannu.

"Ɗiyata, an ce ke tamu ce."

"Taku ce, Baba."

"To da kinka yi rabo, mi munka yi maki? Karo-karon nan da dawarmu a ciki. Mu 'yan kallo ne?"

"Baba, fensir ne. Duk baƙi ɗaya ne a cikinsa."

"Kifi ma duk nama ɗaya ne." Ya ajiye guntun a kan tebur, ya yi tunani, ya sake ɗauka ya jefa a aljihu. "Namu ne ai. Mu tai."

Yara bakwai suka bi shi. Na ce zan gyara. Washegari na karɓe guntayen da ke aji na juya rabon, 'yan tudun da suka rage suka samu kai, 'ya'yan masu jirgi suka samu wutsiya. Kafin azahar matan bakin ruwa sun cika harabar makaranta. Wata ta ce dama sun san 'yar tudu sai ta nuna hali. Wata ta ce ɗanta ko a rabon tarwaɗa bai taɓa cin wutsiya ba. Malam Tanko ya ja ni gefe.

"Malama, ki ba su haƙuri, ki ce kuskure ne."

"Ban zagi kowa ba, Malam. Ba ni durƙusa wa kowa a kan guntun itace."

"To sai ki fara ɗaure akwati."

Ban ɗaure ba. Iyaye kuwa suka yi ta janye 'ya'yansu, na bakin ruwa da na tudu. Mako shida na yi ina koyar da yara goma sha ɗaya kamar ajin a cike yake. Ina kiran rajista tun daga na ɗaya har na talatin da shida, ina barin shiru bayan kowane sunan da ba a amsa ba. Bayan an tashi in hau tudu, gida gida, a ba ni ruwa in sha, a ce mini sai maigida ya dawo. A bakin ruwa mai sayar mini da kifi ta fara zaɓo mini wutsiya tana ce wa maƙwabciyarta, "Malama ita ta fi son nan." Nakan karɓa in ce ta ƙara yaji.

Cikin sha ɗayan akwai Zuliha, yarinya mai shekara goma sha biyu, ɗiyar mai jirgi mafi girma a garin. A rabon farko kai ta samu, a na biyu wutsiya, kuma ba ta fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Ba ta da yawan magana. Ran Juma'ar ƙarshe na gaya musu gaskiya, cewa ran Litinin sufeto zai zo, in ya tarar da su haka ajin ya mutu, ni kuma na tafi. Zuliha ta ɗaga hannu.

"Malama, in babu kai babu wutsiya fa?"

"Kowane abu yana da kai da wutsiya, Zuliha. Ɗauko littafinki."

Ran Litinin na iso makaranta da sassafe na tarar da aji wayam. Ko sha ɗayan babu. Gwangwanin da nake tara guntayen fensir a ciki ma babu shi. A nan ne kaɗai, a duk makonnin nan, na yi tunanin ɗaure akwati. Ina tsaye sai na jiyo hayaniyar yara daga gangare, na bi.

Suna tsugune a bakin ruwa, layi guda, ƙafafunsu a cikin tafki. 'Yan tudu da 'yan ruwa a gauraye, ban iya ware su ba. Kowane yaro da guntun fensirinsa a hannu yana dirza shi da yashi, kamar yadda iyayensu mata ke dirzar tukunya. Zuliha na bin layin da wuƙar kankare kifi, tana yanke ɗan ƙarfen da ke riƙe da magogi, tana jefa magogan a kwano ɗaya. Daga baya na ji cewa ran Lahadi ita da yara biyu suka hau tudu, suka jira aka taso daga coci, suka bi sauran gidajen, suna ce wa kowa ya zo da nasa.

Rana ta fara fitowa ta bayan tudu. Jan fentin da suka dirje ya bazu a kan ruwa, a cikinsa kuma ga ƙananan ɓarɓashin zinare, dubbai, suna ƙyalli suna juyawa, igiyar ruwa tana jan su sannu a hankali zuwa tsakiyar tafki. Masunta biyu da ke dawowa da kamun asuba suka daina tuƙi, suka tsaya suna kallo. Ni da na yi shekara biyar ana koya mini yadda ake tafiyar da aji, na tsaya a kan yashi ina kallo tare da su.

Zuliha ta tattara guntayen a gwangwani, ta girgiza, ta miƙo mini. Duk sun zama itace fari, ba wanda zai ce ga na wane.

"Malama, raba."

Na ce kowa ya rufe ido ya sa hannu. Baba Ɗangana yana tsaye can gefe da sandarsa, ya zo ganin abin da aka kira jikansa a kai. Ya karɓi guntun da yaron ya ɗauko, ya juya shi sama da ƙasa, ya mayar masa.

"Wanga dai ba a san inda yaf fuskanta ba," ya ce, ya kama hanyar tudu shi kaɗai.

Sufeto ya iso da hantsi ya ƙirga kawuna talatin da ɗaya. Ya tambayi Malam Tanko me ya sa wandunan yaran duk suka jiƙe. Malam Tanko ya ce ai garin masunta ne.

Da zango ya zagayo na koma rumfar Magaji. Yana hango ni ya fara ciro tsirara, don labari ya riga ni zuwa Yelwa.

"Yau dai kin yarda."

"Ba ni dozin na mai suna."

Ya riƙe baki. "Malama, ba ki ji ba ko?"

"Na ji sarai. Zango guda ko ɗaya bai karye mana ba. Naɗe mini."

Na kawo su Tungar Basiru a takardarsu. Kafin zarto ya taɓa ko guda, na kai ajin bakin ruwa, na cire takalmina, na tsuguna tsakanin Zuliha da jikan Baba Ɗangana, na ɗebi yashi.