Gonar Baba Tobiya Daga Sama

Tun da Jennifer ta sami aiki a wani ofis mai duba gonaki ta hoton tauraron ɗan'adam, mahaifinta Baba Tobiya ya daina zuwa gona da yagaggiyar riga. Wai kada a ɗauke shi daga sama, a ce ba shi da mai kula da shi. Ta yi bayani har bakinta ya gaji: na'urar ba ta ganin mutum, koren shuka take aunawa, da inda ruwa ya kwanta. Shi dai bai fasa ɗaga wa sama hula ba.

Abin da ya ɓoye mata shi ne gwiwarsa ta ƙi. Sati biyar bai taɓa fartanya ba. Sai ya lallaɓa zuwa gonar da ke hanyar Lau, ya zauna gindin ɗorawa yana kallon ciyawa tana shanye masa masara. Ya san 'yarsa sarai. Ranar da ta ji, ranar za ta kwashe shi zuwa gidanta a unguwar Turaki cikin gari, ta dasa shi gaban talabijin, shi da gona kuma sai a labari. Wannan yake tsoro, fiye da ciwon.

Ana nan, sai ga wayarta. "Baba, gonarka ya fi na kowa kore a kwamfuta! Asabar zan kawo mutane su gani."

Kore kam akwai shi, na ciyawa. Ranar Asabar ya sa rigar coci, ya cije ya tsige ciyawar kunya biyu na bakin hanya, ya tsaya a gabansu ya buɗe kafaɗu, sai ka ce jikinsa zai tare eka guda.

Mota ta tsaya. Maimakon 'yan ofis, sai matan zumunta na cocinsu suka dinga dirowa, kowace da fartanya, Mama Margaret shugabarsu a gaba.

"Sannu, Sarkin Noma!" in ji ta. "Wannan ciyawa naka, har shanun Lau sun aiko gaisuwa."

Jennifer ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Baba, har wurin da ba ka shuka komai ba ya yi kore a hoton. Tun sati biyu na gane."

Kunya ta rufe shi. Da ƙyar ya ce, "To, Turaki za ki kai ni ke nan?"

"Asibiti zan kai ka ran Litinin, in dawo da kai nan. In na ajiye ka a Turaki, wa zai riƙa gaishe mana da na'ura?"

Mata suka sunkuya, waƙa ta tashi. Baba Tobiya ya cire hula ya goge ido, da ya ga Mama Margaret tana kallonsa, sai ya yi maza ya ɗaga ta sama.