Dakuwar Injin Dogo

Tanimu yana kan katangar gidansa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, lokacin da ya hango murhun bandar kifi babu farantinsa a kai.

Katangar nan ita ce ƙofarsa tun ranar da surukinsa Malam Mati ya zo daga Wara ya shimfiɗa tabarma a zaure. Tsohon ba ruwansa, amma suruki suruki ne: ba a cin abinci gabansa, ba a haɗa ido, gaisuwa ma daga nesa a durƙushe. Tanimu har ya rame. A maƙera yake cin tuwo a tsaye kamar ɓarawo, katanga kuma ta gama da wandunansa. Tsohon kuwa ba zai koma gida ba sai a jirgin ruwan Dogo, don mota tana sa shi amai. Jirgin Dogo kuma gwiwar bututun ruwan injinsa ta fashe, sabuwa sai an aika Sakkwato, can nesa.

Shi ya sa Tanimu, mai zubin tukwanen sanholo a kasuwar Yelwa, ya ce shi zai zuba ta. Bututu dole ya kasance da rami, ramin kuwa curin yashi ne ke ba da shi. A kwaɓa yashin bakin gulbi da garin rogo da ruwan mazarƙwaila, a murza shi daidai cikin bututun, a gasa ya yi tauri, a kwantar da shi tsakiyar mazubi, narkakken sanholo ya kewaye shi. In ya huce sai a kakkaɓe yashin. Biyu ya yi, don ko ɗaya zai karye. Da asuba ya ɗora su a faranti gefen murhun matarsa Hansatu, ya kifa kwano a kai, ya sake haurawa bai ce wa kowa komai ba.

Ya diro tsakar gida. "Ke, ina abin da na aje nan?"

"Dakuwar? Ai na kai ma Baba," Hansatu ta ce tana murmushi. "Da ɗuminta, sai ƙamshi. Na ce mishi kai kas sawo mishi. Yau dai ka hidda ni kunya, maigida."

"Yashi ne, Hansatu! Yashin gulbi!"

Ta dafe ƙirji.

"Ya ci?" in ji Tanimu.

"Ya gama guda tas. Guda ya sa aljihu, wai tsarabar Inna. Har ya tahi bakin ruwa jiran jirgi."

"Bi shi ki amso."

"In ce mi? In ce na ba ubana yashi da sunan mijina? Kai kag gasa, kai za ka."

Tanimu ya dubi rana. Sabon curi ba zai gasu ba sai magariba, Dogo kuma ya riga ya ce in injin bai tashi da la'asar ba, sai kasuwa mai zuwa. Da ya tuna katanga, sai ya ji hawaye suna neman zubo masa.

A bakin ruwa ya tarar da tsohon zaune a jirgi tsakanin buhunan albasa, yana ta wasa da harshe a cikin baki. Dogo na ganin Tanimu ya taso. "Ina bututuna?"

"Cikinai na aljihun Baba."

Dogo ya saurari bayani har ƙarshe, sannan ya zauna a ƙasa ya yi dariya har da tari. Tanimu ya roƙe shi ya je ya karɓo. Dogo ya ce shi direba ne, ba ya shiga tsakanin mutum da surukinsa.

Tanimu ya kewaya jirgin, ya sake kewayawa. Ya duba igiyar da ba ta kwance ba. Daga ƙarshe ya tuɓe takalmi, ya shiga, ya durƙusa a cikin ruwan da ya taru a gindin jirgin, idonsa kan albasa. Tun da ya auri Hansatu bai taɓa ce wa tsohon nan abin da ya wuce ina kwana ba.

"Baba... dakuwar nan."

"Allah shi yi ma albarka, Tanimu. Na ci. Ta yi zaƙi." Tsohon ya sake wasa da harshe a baki. "Sai dai ka gaya ma mai yinta ta riƙa rege gero da kyau. Akwai 'yar ƙasa-ƙasa."

"To, Baba. Gudan da tar rage... injin ka sonta."

"Injin ma ci shikai?"

"Shina ci, Baba."

Malam Mati ya zura hannu aljihu da saurin da ba a san yana da shi ba. "Ungo, ba shi. Shi ad da haƙora. Tun ɗazu nika tausayin uwar Hansatu."

Tanimu ya ruga maƙera. Curin yana da shaidar haƙori ɗaya a gefe, ya shafe da yawu. Ya kwantar da shi, ya zuba sanholo, ya jira ya huce yana ta addu'a, ya kakkaɓe yashin, ya goge bakin. Ana kiran la'asar Dogo ya ɗaura gwiwar, injin ya yi tari ya kama, ruwa ya riƙa fita ta baya. Tanimu ya ji wani sanyi a ransa, har ya fara tunanin tuwon da zai ci a zaune, a zaurensa.

Sai ya ga tsohon ya miƙe, ya ɗauki buta da tabarma, ya taka katako ya sauko tudu.

"Dogo, ku tahi sai kasuwa mai zuwa," in ji shi. Ya juyo wajen Tanimu fuskarsa cike da farin ciki. "Da ɗauka nikai ba ka son zuwana. Ashe kana magana! Mu koma gida, ɗana, hira na nan da yawa."

Tanimu ya karɓi butar, ya bi shi a baya. Jirgin ya juya ya nufi Wara, injin yana aiki lafiya lau.