Tofin Inna Sabuwa

Kwana uku ke nan jikan Inna Sabuwa yana kwance a asibiti, robar iska a hanci, ƙirjinsa na lotsawa. Ko arba'in bai yi ba.

Likita ya ce cuta biyu ce ta haɗu a ƙirjin yaron. Ya tambayi uwar, Haulat, ko akwai mai mura a gida.

"Babu kowa, likita," in ji Haulat, ba ta ko dubi surukarta ba.

Inna Sabuwa ta danne tarin da ta taho da shi daga Batagarawa ranar suna. Kullum safiya sai ta yi wa yaron tofi a fuska.

Ta matsa bakin gadon, ta karanta addu'ar har ƙarshe. Da ta zo tofawa, sai ta toshe baki da mayafinta.