An Soke Titin da Baba Ya Zana

Majalisar birni ta soke titin zobe da ke cikin taswirar farko ta garin, wanda har yau ba a fara aikinsa ba. Shugabar sashen tsara birni ce ta kawo shawarar ranar Laraba, kuma babu wanda ya ja da ita. Mahaifinta ne ya zana titin, tun yana matashin safiyo.

Hujjarta a fili take. Lokacin da aka ja layin, daji ne da gonaki a bayansa. Yanzu gari ya tsallake shi ya yi nisa, titin da aka so ya kewaye birni ya koma tsakiyarsa. Abin da layin ya bari shi ne dogon fili babu gini, ya ratsa unguwanni, yara na ƙwallo a cikinsa.

Da la'asar shugabar ta wuce gidan mahaifin nata don kada ya tsinci labarin a rediyo. Ta same shi a falo, a ƙarƙashin asalin taswirar da ke rataye cikin gilashi. Takardar ta yi launin ƙasa, wuraren ninki sun tsage, amma jan layin bai koɗe ba.

Ashe ya riga ya ji. Ya tambaye ta ko ta taho da abin goge layin, ko ya aika a sayo mata. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce gilashin ya fi ƙarfinta.

"Uwata, ni ma na daɗe da sanin ba za a gina shi ba," in ji shi. "Amma me kike jin ya hana mutane yin gini a wurin? Tsoron katafila. Yau kin cire musu tsoron."

Ta ce ta yi wannan tunanin tun kafin ta shiga majalisa. Ta warware sabon zane a kan tebur, ta danne gefensa da kofuna. An shafe filin duka da kore: itatuwa, magudanar ruwa, da hanyar masu ƙafa da masu keke. Tsohon ya sa tabarau ya bi zanen da yatsa daga farko har ƙarshe. Ya yi mitar cewa layin kwamfuta ba shi da rai, amma bai gyara komai ba. Ya dai ce a iya saninsa kore bai taɓa tsorata kowa ba.

"Baba, kai da jan biro ka tsare filin nan. Ni da doka zan tsare shi."

Ya ce to ta hanzarta.

Majalisa ba za ta zauna kan sabon zanen ba sai wata mai zuwa. Ranar Asabar da safe, ma'aikatan sashen sun tarar an jibge bulo da yashi a ƙarshen filin ta arewa. Har yanzu ba a san mai su ba.