Lemun Iya Azumi

"Tana cikin rumbu," in ji Iya Azumi. "Na dawa, ba na gero ba."

Daga bayan dangarmu ta faɗa, ko rage murya ba ta yi ba. Mai unguwa da dogarin hakimin Makarfi, waɗanda har sun juya za su fita, suka tsaya cak. Ni kuwa ko yawun bakina bai bushe ba daga rantsuwar cewa 'yata Ummuhani tana Taba wajen kakarta. Dogarin ya jingina tsani, ya ɗage jinkar rumbun, ya ciro ta duk ƙaiƙayi a jikinta, tana ta atishawa.

Shekarar da sojoji suka dawo daga Bama ke nan, da kaka. En'e ta yi doka, aka yi shela cewa kowane yaro a kai shi ƙofar dagaci a yi masa lambar agana, wanda ya ɓoye ɗansa kuma sai gaban alƙali. Mu a Dandamisa abu biyu muka san ana yi wa lamba: buhun auduga da sojan Nasara. Saboda haka kowa ya ce duk abin da Bature ya yi wa lamba, wata rana zai dawo ya ɗauki abinsa. Ni 'ya'ya uku na binne kafin Ummuhani. Ita kaɗai Allah ya bar mini, shekararta biyar, kuma ban shirya ba wa kowa ita ba.

A gindin tsamiya malamin lamba, wani siririn Bazazzagi mai suna Malam Uwaisu, ya yi mata tsaga uku a damtse da 'yar aska, ya ɗiga magani. Iya Azumi ce ta riƙe ta a cinya, kamar wani ya aike ta.

"Iya, ke ma kawo hannun," in ji shi.

Ta yi dariya, ta ture ɗankwali ta nuna masa tabo uku a goshinta. "Ni na yi tawa tun ina goye, ɗan nan. Agana ba ta maimai."

"Uku kacal?"

"Da sauƙi ta zo mini."

Layi ya yi tsawo, dokar kuma ta yara ce. Ya ƙyale ta.

Mu mata muna da dabararmu. In aka goga lemun tsami a kan tsagar da wuri, lamba ba ta kamawa. Bishiyar Iya Azumi tana bakin rijiyarta, ba ta rabo da 'ya'ya, reshe ɗaya kuma ya leƙo cikin gidanmu. Muna dawowa na tsinko ɗaya na raba biyu. Na miƙa wa maƙwabciyarmu Bilki rabi don ɗanta Usmanu, ɗaya rabin kuma na nufi damtsen Ummuhani da shi. Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Iya Azumi ce, ta kafar danga ta shigo, tsohuwa mai ƙarfin daka.

"Mairo, kada ki soma."

"Sake ni! Tonon asirin da kika yi bai ishe ki ba?"

"Ke ba ki taɓa ganin ciwon nan ba. Ni na gani."

Duk unguwa an san agana ta kashe mata 'ya'ya maza biyu a mako ɗaya, tun kafin a haife ni. Na sani sarai, kuma da saninsa na yi amfani.

"Wadda ta binne nata duka ce za ta koya mini riƙon ɗa?"

Ta ɓamɓare lemun daga hannuna ta jefa a toka, ta ɗauki yarinyar ta zauna da ita a kan turmi har rana ta yi sanyi. Maigidana Sada ya dawo daga gonar rake, ya ji abin da ya faru, ya ce a bar wa Allah. Hannun yarinyar ya kumbura, zazzaɓi ya yi kwana uku, ni kuma na yi kwana ukun ina tsine wa tsohuwar a zuci. Daga baya ya warke, ya bar tabo kamar ƙwayar gujiya.

Na toshe kafar dangar da kara. Wata biyar ban gaishe ta ba. Ko kazarta ce ta tsallako, da muciya nake raka ta.

Da zafi ya shigo, sai 'yan rani suka sauka. Haka muke ce wa ciwon in yana gari, don ba a kiran sunansa. Daga Nasarawan Doya aka ce ya biyo 'yan kasuwa. Duba-gari ya sa aka kafa bukkoki a bakin fadama, aka kewaye da ƙaya, aka ce babu mai shiga sai wanda ya taɓa yin ciwon. Iya Azumi ce ta fara ɗaukar tukunyarta ta tafi jinya.

Usmanun Bilki yana cikin na farko da aka kai, shi da na yanka wa lemu da hannuna. Kwana biyu kafin ya kwanta, tabarma ɗaya suka yi barcin rana da Ummuhani. Tsoro irin na lokacin ban taɓa ji ba. Kullum da safe sai na tuɓe ta a rana, na duba fuska, na duba baya, na buɗe tafin hannu. Ƙurjin cizon sauro ma sai da ya sa ni kuka. Mako ɗaya, mako biyu, yarinya tana ta cin tuwonta. Usmanu bai dawo ba.

A mako na uku aka ce Iya Azumi ta kwanta. Malam Uwaisu ya zo a keke ya duba ta. Da ya fito, Sada ya ce zama ya yi a ƙasa ya cire hula. Ashe tabon goshinta na ƙarambau ne, ba ta taɓa yin agana ba. "Da na matsa mata," yake ta faɗi.

Na dama kunu na tafi. Dogari ya tsayar da ni a bakin ƙaya, ya karɓi ƙwaryar ya ajiye daga ciki. Bukkarta ce ta ƙarshe, ƙafafunta kawai nake hangowa.

"Iya! Sannu da jiki!"

"Wace ce?" Muryar ta dushe, da ƙyar na gane ta.

"Mairo ce."

"Yarinyar fa?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Kin duba tafin ƙafarta?"

"Na duba, Iya. Babu komai."

"To, alhamdu lillahi."

Na daɗe ina murza bakin zanena, dogari yana kallona. "Iya, maganar nan da na faɗa miki. Don Allah ki yafe mini."



"Ai gaskiya kika faɗa, 'yar nan," in ji ta. "Na binne nawa. Shi ya sa."

Can ta ƙara da cewa in tsinke lemun nan, kada ya lalace a banza.

Ranar Alhamis da hantsi ta cika. Ba a bar mu mun yi mata wanka ba. Wasu mata biyu masu zanzanar agana ne suka yi mata sutura, aka binne ta a can bakin fadama, aka cinna wa bukkar wuta. Daga tsakar gida muka ga hayaƙin.

Da la'asar na zare karan da na toshe kafar dangar da shi. Ummuhani ta riga ni shiga. Lemu ya zuba a gindin bishiyar, wasu sun yi ruwan ɗorawa, wasu sun fashe. Ta durƙusa tana tsincewa tana tarawa a gefen rijiya, ta jera su ɗaya bayan ɗaya. In ta miƙa hannu, sai tabon damtsenta ya fito.